Tagwayen Tsumman Ustaza

A shekara talatin da na yi ina ɗinki a Kasuwar Umdurman, sau ɗaya tak aka taɓa dawo mini da aiki saboda ya yi ƙarfi da yawa. Matata ce ta dawo da shi, Allah ya jiƙanta.

Ni tela ne, jallabiya nake ɗinkawa da wando da rigar ciki. Mahaifina auduga ya yi ta tsinta a gonakin Jazira har bayansa ya ranƙwafa, shi ya sa ya turo ni birni in koyi sana'ar da ake yi a zaune a inuwa. Karatuna allo ne da aji shida. Ita kuwa 'yar makanike ce a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, ta yi karatu har ta fito da takardar koyar da ilimin halittu. Da aka ɗaura mana aure, 'yan layinmu na kasuwa suka ce na ɗauko rawanin da ya fi kaina. Ina kiranta Ustaza, tun ina yi da zolaya har ya zauna a bakina. Ita kuma tana ce mini Usɗa, yadda ake kiran masu aikin hannu a nan.

Shekara huɗu ta yi tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a gefen Umdurman, a matsayin malamar wucin gadi. Kowace shekara sai an sabunta mata, kowace shekara sai mun yi zaman jira. Wata rana ta dawo da labarin cewa za a turo mai duba aikin malamai, wanda ake ce wa muwajjih, ya zauna a ajinta darasi ɗaya. In ya rubuta alheri, za a tabbatar da ita. In ya rubuta akasin haka, akwai masu jira a bayanta, kuma ba za a sake sabunta mata ba. Saura kwana goma sha biyu.

Darasin da ya faɗo a ranar shi ne yadda ƙwayar halitta take rabuwa biyu. Shugabar makarantar, mace mai son zaman lafiya, ta ba ta shawara ta musanya shi da darasin sassan fure. Ta ce a kawo furanni a raba wa yara, kowa ya yi murmushi, baƙo ya tafi da daɗin rai. Ustaza ta ƙi. Ta ce fure bai taɓa kayar da yaranta a jarrabawa ba, wannan darasin ne yake kayar da su duk shekara. Suna haddace sunayen matakansa kamar waƙa, in ka tambaye su me ya faru a ciki sai su dubi silin. Madubin ƙara girman abu ɗaya ne a makarantar, shi ma gilashinsa ya tsage, yana kulle a kabad.

Bayan la'asar ta zaunar da ni a rumfar tsakar gida, ta zuba mini shayi, ta ce tana da aiki a wurina amma sai na fahimce shi tukuna. Mahaifiyata, Inna, tana gefe tana yanka kuɓewa.

Ga abin da na riƙe daga bayaninta. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ido ba ya ganinsu. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan zaruruwa guda arba'in da shida, sunansu kuromosom, kuma a jikinsu aka ajiye yadda za a yi mutum, tun daga launin fatarsa har irin gashinsa. In ƙwaya za ta zama biyu, sai ta fara kwafe kowane zare ya zama tagwaye, manne da juna. Tagwayen su jeru a tsakiya kamar sahu. Daga gefe biyu wasu siraran igiyoyi su miƙo, ta gabas ta kama ɗan tagwai ɗaya, ta yamma ta kama ɗan'uwansa. Sai a raba su a ja, kowace sabuwar ƙwaya ta tashi da arba'in da shida cif. In aka kuskure, wata ta sami ƙari wata ta sami ragi, yawanci mutuwa suke yi, wani lokaci kuma ya zama mafarin ciwo.

Na tambaye ta wa yake ƙirgawa a ciki. Ta ce babu mai ƙirga, ƙwaya ba ta da ido kuma ba ta san lissafi ba. Abin da ake yi shi ne, duk tagwayen da igiya ba ta kama su ba tukuna suna fitar da wani abu da yake hana rabuwar, kamar mai cewa a dakata. Ko su kaɗai suka rage, sauran duka sai su jira. Sai babu sauran mai cewa a dakata, sannan wani abu mai aikin almakashi ya yanke abin da ya haɗa tagwayen, duka a lokaci ɗaya.

Inna ta ɗago daga kuɓewarta ta ce ashe har a cikin jikin mutum ba a sa hannu a tire sai kowa ya zauna. Ustaza ta ce wallahi Inna ta fi littafin iya faɗa.

Abin da take so a wurina tagwaye shida ne na tsumma, kowanne tsawon kamu ɗaya ko fi, a cusa musu auduga, launi daban daban, a haɗa kowane biyu a ƙugu, a yi wa kowanne ɗan madauki inda ƙugiya za ta shiga. Yara za su riƙe su a aji su yi rabuwar da hannunsu. Ta fara cewa wani abu game da yadda ake haɗa ƙugun, na katse ta. Na ce karatu nata ne, ɗinki kuma ta bar mini.

"To, su dai riƙe juna sosai, Usɗa," in ji ta.

Washegari na tattara ƙyallayen da suka rage a shago na hau aiki. Maƙwabcin shagona na dama, tsohon tela mai baki, ya leƙo ya ga ina cusa auduga a wani abu kamar tsiran alade, ya tambaya ko kasuwar jallabiya ce ta mutu na koma ɗinkin 'yar tsana. Na ce masa kimiyya ce. Kafin azahar duk layin sun ji cewa mijin Ustaza ya zama dakta, masu wucewa suna miƙo mini hannu in duba musu jini. Ban kula su ba. Ƙugun tagwayen na ɗora a keke na bi shi gaba da baya sau uku, yadda nake yi wa bakin aljihu. An san ni da wannan a layin. Jallabiyata takan tsufa ta koɗe, aljihunta yana nan.

Ranar Juma'a da yamma muka gwada a tsakar gida. Inna ta zauna a kan angareb, gadon igiyar nan namu, ta riƙe igiya ɗaya. Matar maƙwabcinmu ta riƙe ɗayar daga bakin madafa. Ustaza ta tsaya a tsakiya da almakashi tana juya tagwayen tana neman inda za ta sa bakinsa. Babu. Ɗinkin ya shige cikin naman ƙyallen, ba yadda za a yanke shi ba a huda ɗayansu ba. Tana cikin dubawa Inna ta gaji da jira. Matar da ta yi ƙuruciyarta tana jan buhun auduga a Jazira ba ta san ja kaɗan ba. Ta fizga sau ɗaya, madaukin wancan gefen ya tsinke, tagwayen biyu suka faɗa cinyarta, maƙwabciya ta koma da baya ta zauna a kan kwandon albasa da igiya fayau a hannu.

Ustaza ta yi dariya har ta durƙusa. Da ta samu numfashi ta ce ga shi nan, abin da ake gudu ke nan, Inna ta tashi da biyu, maƙwabciya ta tashi a tutar babu. Inna ta rungume tagwayen ta ce ita abin da ya zo hannunta ba ta mayarwa.

Ni ban yi dariya ba. Ustaza ta tattaro shidan ta zuba mini a cinya, ta ce a sake. Na ce ai ita ta ce su riƙe juna sosai.

"Su riƙe juna har lokaci ya yi, Usɗa. Ban ce har abada ba."

Kwana biyu na yi ina warware ɗinkin da na yi alfahari da shi, da tsinin allura, ɗaya bayan ɗaya. A karo na biyu na haɗa su da hannu, sako sako, irin ɗinkin da ake yi kafin a gwada wa mutum riga. Wannan kuma da an ɗan ja sai su rabu, tun kafin a kama sauran. Ta ce wannan ya fi na farko muni, don na farko aƙalla ya jira. Saura kwana huɗu. Ta daina zolayata, abin da ya fi damuna ke nan. Nakan ga ta idar da salla ta daɗe a kan darduma ba ta tashi ba.

Ina shago da hantsi ina yanka wata jallabiya, hankalina yana wani wuri. Na ninka yadi na fitar da hannayen riga biyu a yanka ɗaya, na naɗe su tare, na ɗauki wani siririn ƙyalle na ɗaure su a tsakiya don kada ɗaya ya ɓata, na jefa kan kanta. Sai na tsaya ina kallonsu. Abin da nake yi sau goma a yini ke nan tun ina saurayi. Ɗaurin yana riƙe su duk yadda aka jefa su, in kuma lokacin ɗinki ya yi, almakashi sau ɗaya ya raba su, babu wanda ya ji ciwo. Ban taɓa tuna shi ba saboda ba ɗinki ba ne, ko wanda bai taɓa riƙe allura ba zai iya.

Ban jira yamma ba, na rufe shago na kai mata. Ta ja ta nan, ta ja ta can, ɗaurin ya riƙe. Ta zura almakashi ƙarƙashinsa, ƙas, suka rabu lafiya lau. Sai ta ɗauko littafinta ta nuna mini wani zane, ta ce haka masana suka ce abin yake, wani zobe ne yake zagaye tagwayen biyu ya rungume su. Na ce to me ya hana ta faɗa mini tun farko.

"Na fara faɗa. Wani ya ce ɗinki in bar masa."

Inna ta ce daga ɗaki, ai halin ubansa ne.

A wannan yammacin na yi mata tambayar da ta ce ita ce ladan wahalata. Na ce to in igiyoyi biyun duka daga gabas suka zo fa? Kowane ɗan tagwai an kama shi, ba sauran dalilin cewa a dakata, amma in aka yanka gefe ɗaya za su tafi. Ta ce wannan ya daɗe yana ba masana wahala, kuma abin da suka gano shi ne ƙwaya tana jin ja. In an kama daidai, gabas na ja, yamma na ja, tsakanin tagwayen sai ya ɗaure tamau, kamun ya zauna. In daga gefe ɗaya ne, abin sai ya yi laƙwas, kamun ya saki, a sake gwadawa.

Na ce wannan kam ba sai an je jami'a ba. In za mu raba yadin rawani, mai tsawon nan, mutum biyu ne suke riƙe bakinsa. Ba na sa almakashi don na ga abokin aikina ya riƙe. Sai na ji jansa a hannuna. Ko idona a rufe zan gaya maka ya ja ko bai ja ba, kuma in ka yanka yadi yana laƙwas, yankan karkacewa zai yi.

Ta ajiye kofin shayinta ta dube ni. Sai ta tashi ta ɗauko takardar shirin darasinta ta soke wani layi. Da can ta tsara cewa yarinyar da ke riƙe da tagwaye za ta yi ta cewa "lissa", wato tukuna, har sai ta ga an saƙala ƙugiyoyi biyu. Yanzu ta mai da shi cewa yarinyar za ta rufe ido, tunda ƙwaya ba ta gani, kuma ba za ta yi shiru ba sai ta ji ana janta ta gefe biyu. Kwana biyu ta gwada da yaran a haka.

Almakashi shida ake bukata, don a yanka gaba ɗaya. Tela ba ya ba da aron almakashinsa, ko ɗan'uwansa ne. Na bi layin ina roƙo, kowa ya ba ni da gargaɗi. Tsohon nan mai baki ya naɗe nasa a ƙyalle ya ce in aka yanka takarda da shi kada in dawo kasuwa, in wuce Jazira kai tsaye.

Ranar darasin da safe muka ɗauki raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, da buhun kayanmu. Namiji ba ya zama a ajin 'yan mata, amma shugabar ta yarda in shiga in shimfiɗa igiyoyi yayin da yara suke taron safe a fili. An ture bencuna jikin bango. Igiya goma sha biyu ce, duka farare daga ƙunshi ɗaya, kowace da ƙugiyar waya a bakinta. Shida za su tafi gefen ƙofa, shida gefen allo, a kowane gefe yarinya ɗaya ta tattara wutsiyoyinsu a hannu. Na ga igiyoyin a warwatse a ƙasa, abin bai yi mini kyau ba, kuma na ji tsoron kada wata ta yi tuntuɓe a gaban baƙo. Sai na shimfiɗa doguwar tabarma a tsakiya na tura su ƙarƙashinta, ƙugiyoyi suna leƙowa dama da hagu. Ina cikin haka na ji yara sun taso, na gama a gurguje na fita. Na tsaya a waje gindin dogon yaro, daidai taga, da allura a jikin hulata ko za a bukace ni.

Muwajjih ya zo a makare. Dattijo ne siriri mai furfura, daga Bahri yake, ya ce cunkoson gada ne ya riƙe shi kuma akwai wata makarantar da ke jiransa. Ya zauna a baya ya buɗe littafinsa, ya cire agogo ya ajiye a kan benci. Ustaza tana cikin farin tob, lulluɓin da mata ma'aikata suke sawa. Ta yi bayani a allo, muryarta daidai, ta yi tambayoyi aka amsa. Sannan ta fito da yara.

Shida suka jeru a kan tabarma, kowace da tagwayenta a hannu, ido a rufe. Shida suka tsaya a bayansu da almakasan layinmu. Na tsakiyar suka fara, lissa, lissa, lissa, ajin ya cika kamar makarantar allo da safe. Wasu yara biyu suna bi suna saƙala ƙugiyoyi, na gefe suna ja. Mai riƙe da jajayen tagwaye ta yi shiru. Mai shuɗi ta yi shiru. Ɗaya bayan ɗaya muryoyin suka ragu, na ga muwajjih ya daina rubutu ya ɗago kai.

Saura murya ɗaya. Ƙaramarsu ce, a ƙarshen sahu, tana riƙe da gajerun tagwaye kore. Na san uwarta, Bahaushiya ce mai sayar da shayi a bakin kasuwa. Yarinyar ba mai magana ba ce, Ustaza ta sha gaya mini sai ka sunkuya kafin ka ji ta. Ƙugiyoyinta biyu duka suna saƙale, kowa yana gani. Amma tana ta cewa lissa.

Aji ya fara ƙus ƙus. Mai almakashin da ke bayanta ta raɗa mata cewa an gama, ta yi shiru mana. Muwajjih ya ɗauki agogonsa ya duba. Ustaza ta matso ta ce mata a hankali, 'yata, an saƙala duka biyun. Yarinyar ba ta buɗe ido ba.

"Ustaza, gefe ɗaya kawai ake jana. Lissa."

Na ga hannun matata ya kai gefen lulluɓinta ya damƙe. Na san wannan damƙar. Bai fi minti biyar ya rage a buga ƙararrawa ba. In ta ce a yanka, darasi zai ƙare a kan lokaci, biyar za su rabu lafiya, na shidan kuma mai yiwuwa a ɗauka shirmen yarinya ne. Ni kaina daga taga abin da zuciyata take ce mata ke nan, ki yanka.

Ta juya ta dubi masu almakashi ta ce, "Kun ji ta. Ba mai yankawa."

Ta durƙusa da farin tob ɗinta a ƙasan aji, ta sa yaran suka ɗaga ƙafa, ta yaye tabarma. Kafin ta bi igiyar zuwa ƙarshenta ni na riga na gani. Na ƙirga wutsiyoyin da ke hannun yarinyar gefen ƙofa, bakwai. Na gefen allo, biyar. A gaggawata igiya ɗaya da ya kamata wutsiyarta ta tafi allo na tura ta ƙofa, ƙugiyarta kuwa ta ɓullo ta wancan gefen tabarma, kamar ta allo ce. Na dafa bishiyar nan.

Ustaza ta ɗaga igiyar sama kowa ya gani. Ta tambayi ajin, da an yanka, me zai faru? Suka amsa gaba ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba, cewa kore biyu za su tafi ƙofa, allo ya rasa. Ta ce wa ya hana? Suka nuna yarinyar, wadda har lokacin idonta a rufe yake tana cewa lissa, don ba wanda ya ja ta ta ɗaya gefen. Aka buga ƙararrawa. Ba wanda ya motsa, har muwajjih. Ustaza ta zare wutsiyar daga hannun ta ƙofa, ta kai wa ta allo, aka ja. Na ga tagwayen kore sun miƙe tamau a hannun yarinyar. Ta yi shiru.

Shirun da ya biyo baya, har ƙarar raksha na ji daga babban titi. Sai almakashi shida suka sauka tare. Tsummokarana goma sha biyu suka rabu, shida suka nufi ƙofa, shida suka nufi allo, kowane launi ɗaya a nan ɗaya a can. Wata daga baya ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, shugabar makaranta ta taho da sauri tana zaton wani abu ne ya faru.

Muwajjih ya tashi ya zo ya ɗauki ɗan kore ɗaya ya jujjuya, har ya duba ɗinkin gefensa. Ya ce wa Ustaza ya ga malamai da yawa suna koyar da wannan darasi, amma bai taɓa ganin wadda ta dasa kuskure da gangan don yara su kama shi ba, wa ya ba ta wannan dabara? Shugabar tana bayansa tana yi mata ido, tana gyaɗa kai, alamar ta karɓa kawai.

"Ban shirya shi ba, Ustaz. Kuskuren maigidana ne. Ga shi can a taga."

Kawuna sama da arba'in suka juyo. Ban sami abin yi ba sai na dafa ƙirji na yi sallama. Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ya amsa, ya koma ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce darasin ya wuce lokacinsa da minti bakwai, kuma dole ya rubuta hakan. Ya ɗaura agogonsa ya tafi.

A cikin raksha na ce mata, mutum ya miƙo miki yabo a tafin hannu, kin ture, kin kuma tona mini asiri a gaban 'yan mata. Ta ce yaran suna tsaye suna ji, yanzun nan ta gama yaba wa wadda ta ƙi yin shiru a kan abin da ba haka yake ba, da wane baki za ta karɓa? Can ta ce, in ma ba a tabbatar da ita ba, zan koya mata ɗinkin aljihu ko? Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Mako biyar muka yi ba labari. Na mayar da almakasai, kowa ya gwada nasa a gabana kafin ya karɓa. Inna ta ƙara tsawon addu'arta bayan asuba, tana ambaton dattijon da "mai agogon nan", Allah ya tausasa zuciyarsa.

Wata Talata da azahar ina kan keke, na ji layin ya yi tsit. Na ɗago, sai ga Ustaza tsaye a bakin shagona da farin tob, ita da ba ta taɓa zuwa mini kasuwa ba. Ta ajiye takarda a kan yadin da nake ɗinkawa. Larabcina na karatu a hankali yake, na bi da yatsa. An tabbatar da ita. A jikin takardar an maƙala kwafin abin da dattijon ya rubuta. Ya ambaci minti bakwai ɗin, bai manta ba. A ƙasa kuma ya ba da shawara cewa duk shekara a riƙa barin igiya ɗaya a karkace.

Tsohon mai baki ya karɓe takardar ya karanta wa layin da ƙarfi, ya ce tun da yake bai taɓa jin an ba mutum aikin gwamnati saboda mijinsa ya kasa ƙirga shida ba. Ranar uwar yarinyar nan ce ta kawo wa layin shayi, ta zuba wa Ustaza da hannunta, tana ta cewa ita ba ta san 'yarta tana da baki haka ba.

Daga nan abin ya zama aikina. Duk shekara in darasin ya zo, nakan rufe shago da safe, in bi layi in aro almakasai, in je in shimfiɗa tabarma, in karkatar da igiya ɗaya. Kowace shekara launi daban nake zaɓa, kuma ba na gaya wa kowa, har ita. Takan yi ta lallashina tun ana saura mako, ta dafa mini abin da nake so, ta sa Inna ta tambaye ni da dabara. Ban taɓa faɗa ba. Ta ce haka ya fi, don ita ma sai ta tsaya ta saurara da gaske. Sau tara muka yi, kuma ba a taɓa rasa yarinyar da ta ƙi yin shiru ba.

A shekara ta goma ciwo ya kwantar da ita. Ba zan yi dogon bayani a kansa ba. Allah ya ɗauke ta kafin yaƙin nan, ba ta ga abin da ya sami garin ba, kuma ina gode masa a kan wannan. Buhun tagwayen yana kabad ɗin makaranta lokacin da muka bar garin, ban san abin da ya same shi ba.

Wata safiya a asibiti, ina gyara mata matashi, ta lissafa da yatsu ta ce darasin saura mako uku. Ta ce bana kam in taimaka in gaya mata, tunda ba ta da lafiya, ai mara lafiya ana yi masa alfarma. Na ce ko kusa, ta warke ta je ta gano da kanta. Ta yi dariya har sai da na ba ta ruwa. Ta ce, "Halin ubanka."

Shuɗi na zaɓa a shekarar.